Ranar da Inna ta nemi hoto

Jiya a bikin jikarta a garin Dangora, Inna ta jawo hannuna ta ce, "Hadiza, ɗauke ni hoto."

Na tsaya ina kallonta. Mahaifiyar tawa ta daɗe tana gudun hoto. Tun shekarun alif ɗari tara da tamanin take bandar kifi a bakin dam ɗin Tiga, hayaƙi da rana suka busar mata da fuska har tana tsagewa.

Wata biyar ke nan ina shafa mata wani mai mai sinadarin gyaran fata da ake kira feftayid. Bai mayar da ita yarinya ba, amma fatar ta yi laushi, yamushewar ta ragu.

Na ce, "Inna, yau ke ce da kanki?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Yi sauri, kafin amarya ta fito."

Ku fa, yaushe rabonku da kula da fatar iyayenku mata?