Ranar da Na Ce Shara Ce

A hutun shekarata ta uku a jami'a, farkon shekarun casa'in, na dawo Kontagora kaina cike da karatun ƙwayar halitta. Baba, wanda ya ajiye aikin alƙalanci, yakan zauna da abokansa malamai a zaure bayan la'asar. Wata rana ya sa aka kira ni.

"Faɗa musu abin da kuke karantawa," ya ce yana murmushi.

Na durƙusa na gaishe su, na fara. Na ce a cikin kowace ƙwayar jikinmu ana kwafo saƙo daga rubutun gado, sunan kwafin RNA. Saƙon yakan zo da wasu guntaye a tsakani, sai an cire su zai karantu. Abin da ke cirewar, Turawa na ce masa spliceosome, ba a haɗe yake zaune ba, a kan saƙon yake haɗuwa. Na riƙa zanawa da yatsa a ƙasa. Sashensa ɗaya ya kama farkon guntun, wani ya kama kusa da ƙarshensa, uku su iso tare. Biyu su janye, sauran su yanke guntun, ya naɗe kamar zargen igiya, sannan su haɗa bakin nan da bakin can.

Wani dattijo mutumin Salka, abokin karatun Baba tun ƙuruciya, ya ce, "To ɗana, guntun da ake cirewa, me ya sa aka rubuta shi tun farko?"

Ban sani ba. Amma duk idanu na kaina, sai bakina ya riga ni. "Ai shara ce kawai, Malam. Ba ta da amfani."



"Subhanallahi," dattijon ya ce a hankali. "Shara a halittar Ubangiji?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Yaro ne, a yi masa uzuri. Tashi ka shiga ciki."

Na tashi na shige tsakar gida. Sauran hutun nan, da la'asar ta yi sai in bi ta ƙofar baya, don ba na iya haɗa ido da su. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa zafi.

Ranar komawata ya raka ni tasha. Mota ta kusa cika ya leƙo ta taga ya ce, "In ka je ka tambayi malaminku maganar guntun nan. Dattijon nan da gaske yake son ya sani."