Gansakuka a Akwatin Kifin Kaka

Shekarar da ƙafafun kakana suka daina kai shi bakin ruwa, ina gida hutun makaranta, a Yelwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin jirgin kamun kifi, daga Shanga har Ngaski, sai ga shi a kan tabarma yana kallon bangon zaure. Ni kuwa ban iya hira ba, karatu na iya. Na sha gani a waya yadda mutanen wasu ƙasashe ke kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi. Sai na sa mai yankan gilashi a kasuwa ya haɗa mini ɗan ƙarami, kawuna ya kawo ƙurungu da 'yan ƙananan kifaye daga tafki.

Kaka ya leƙa, ya taɓe baki. "Amarya, garar taki ke nan? Ko miyar dare ɗaya ba ta yi."

Amma ya so abin. Da yake idonsa ya fara rauni, muka ajiye akwatin a bakin ƙofa inda rana ke faɗawa tun hantsi. Nan yake wuni, yana yi wa ƙurungu tsiya don yana iyo a rigingine. Da zan koma makaranta na ja wa kowa kunne: kada a sa hannu a ruwan, kada sabulu ya zo kusa.

Aka kuwa bi maganata sau da ƙafa. Da na dawo, na tarar gansakuka ta rufe gilashin ta ciki, kore shar. Rana da ragowar abinci ne suka ciyar da ita. Inna ta ce ta ɗauka haka ake so, tunda tafkin ma yakan yi kore. Sannan ta rage murya ta ce Kaka ya daina cewa a fito da shi zaure, tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Na shiga ɗakinsa na gaishe shi. Bai tsokane ni ba. Can ya ce, "Kada ki faɗa wa innarki. Idon ya tafi. Da ina ganin kifin nan har gashin bakinsa, daga baya sai inuwarsa, yanzu ba komai. Ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, wahalar ta yi wa innarki yawa."

Na kira kawu muka tallafo shi zuwa zaure, yana ta cewa a ƙyale shi. Na wanke hannuna da ruwa zalla, na sami tsumma mai tsabta, na zura hannu a akwatin na goge wuri kamar faɗin tafin hannu. Muka jira ruwan ya kwanta. Sai ga ƙurungu ya zo ya tsaya daidai wurin, cikinsa a sama.

Kaka ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

"Ja'iri, ka yi ƙiba," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Ke kuma kin tsaya kallona? Goge sauran mana!"

A kwanakin hutun na riƙa kwashe kaɗan daga ruwan ina zuba sabo, na rage abincin, na kuma rufe gefen da rana ke duka da tsohon zanen Inna, sai bayan la'asar a yaye. Na so in koya wa kawu gugar, Kaka ya ƙi. Ya sa aka yanko masa kara, ya ɗaura tsumma a kansa da irin ƙullin da yake yi wa taru.

"Ke makaranta za ki koma, wannan kuwa ko jirginsa ba ya wankewa," ya ce. "Matsa, kina tare mini haske."