Ta-Makara da Hoton Auta

Shekara shida ta yi a shagon hoton kawunta tana ce wa mutane, "Ɗago haɓa, yi murmushi." A nan ta lura cewa da zarar ta ce "an gama", sai kafaɗun 'yan mata su sauka, murmushin ya zube, wata fuska ta leƙo na daƙiƙa biyu. Ita ta shiga farauta. Takan ce an gama, ta yi kamar tana goge gilashin kyamara, sannan ta danna. Kawu ya laƙaba mata Ta-Makara, sunan ya bi ta.

Ba ta kafe hoto sai mai shi ta gani ta yarda. Tela, mai kitso, ɗaliba, mai sayar da magani, hotuna ashirin da uku a ɗakin baje koli da ta samu aro. Mutum ɗaya ce ba ta tambaya ba: autarsu mai karatun jinya, wadda Inna ke kira fitilar gida saboda dariyarta.

Ta-Makara ta ce wa kanta mantuwa ce. Ƙarya take. Ta san Auta za ta ƙi, kuma ta gaji da jin "ki riƙa sakin fuska kamar ƙanwarki".

Ana gobe buɗewa, da hantsi, Auta ta shigo ta tsaya gaban hotonta. Ga ta a hoton cikin farar riga, ido ya faɗa, hannu ya damƙe gefen kujera.

"Yaya, ke muguwa ce. Cire shi."

"Ki ce in cire sau biyu, zan cire."

"Inna za ta zo gobe. In ta gani, tambayata za ta yi me ke damuna."

"Me ke damunki?"

"Ji 'yar sa-ido! Kin sani sarai. Jini nake gani in ji jiri. Shekara biyu ina washe haƙora."

"Na sani. Na kuma so a ga ba ni kaɗai ce mai ɗaure fuska a gidanmu ba. Wannan laifina ne. Amma hoton bai yi ƙarya ba."

Auta ta sake duban hoton. Ta-Makara ta ɗauko guduma, ta sa bakin gudumar a ƙusar hoton, tana jiran kalma ta biyu.

"Zare ƙusar," in ji Auta. "Ki sauko da shi taƙi ɗaya. Inna gajeriya ce, ba ta kuma son sa tabarau a gaban mutane."