Bakin da Aka Ara a Karantina

In aka ce Inna Zubaidatu a unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, ba sai an ƙara wani kwatance ba. Ungozoma ce, a unguwar kuma aka haife ta, cikin ɗakin langa-langar da mahaifinta ya kafa sa'ad da ya ƙetaro daga Sudan aikin hajji, bai koma ba. Ta tashi da Hausa a tsakar gida, Larabci a bakin titi. Matan da ba su da iƙama, wato izinin zama, masu tsoron zuwa asibiti kada a tambaye su takarda, a hannunta suke haihuwa: 'yan Nijar, 'yan Cadi, 'yan Kano da Sakkwato. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta ce wa miji ya fita waje, fita yake yi ko da gemunsa ya yi furfura. In ta dafa ciki ta ce lafiya yake, mai shi ta samu barci.

Da raɗe-raɗin rusau ya yi ƙarfi, sai ga limamin unguwa ya zo mata da wani matashin Balarabe mai suna Bandar, daga ofishin da ke kula da aikin. Yaro ne mai ladabi, har ya sumbaci goshinta.

"Ya Hala," ya ce, wato inna da Larabci, "ba ma son mu yi aikin nan a kan mutane, tare da su muke so mu yi. An ce mata ba sa jin maganar kowa sai taki."

Aka kai ta wani tanti mai sanyi tare da dattawan unguwa, aka ba su gahawa da dabino, aka nuna musu hotunan dogayen benaye da lambuna da asibitin haihuwa. Asibitin nan ne ya shiga ranta, don ta san matan da jini ya tafi da su tana riƙe da hannunsu.

"Mu kuma ina za mu zauna?" ta tambaya.

"Mutanen wurin nan abokan aikinmu ne. Ba wanda za a bari a titi, in sha Allahu," in ji Bandar.

Ta ɗauki maganar kamar yadda take ba da tata, ta shiga gida-gida tana cewa a kwantar da hankali, kada a yi gardama da masu awo, kada a yi gaggawar tashi. Akwai Rakia, 'yar Maraɗi, mai sayar da ƙosai da kunun gyaɗa, wadda ta riga ta ɗaure kayanta za ta koma gida tun da sauran mutunci.

"Inna, jikina bai ba ni ba," in ji Rakia.

"Kwance kayanki, 'yata. Da kunnena na ji. Na taɓa yi miki ƙarya?"

Rakia ta kwance.

Ba a daɗe ba aka wayi gari da jan fenti a bangaye, an rubuta a fita. Aka yanke wuta, aka yanke ruwa. Sannan bayani ya fito fili: diyya da gidajen zama na masu shaidar zama 'yan ƙasa ne. Inna Zubaidatu ta yafa mayafi ta nufi tantin da ƙafa cikin rana, ta tarar ana naɗe shi. Bandar na tsaye, da ya hango ta sai ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ba ka ce mutanen wurin nan ba?"

"Na ce, ya Hala. Amma a wurinsu ma'anarsa 'yan ƙasa. Wallahi ni ma na ɗauka abin zai fi haka faɗi."

"A ƙasar nan aka binne cibiyata. Na binne ta ɗaruruwan yara da hannun nan. In ba mutanen nan ba ne mu, mutanen ina ne?"

"Ba a hannuna yake ba. Halas, an gama."

Ba ta zage shi ba. Ta ga shi ma aiko shi aka yi, kamar yadda ya aike ta.

Unguwa ta watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Masu hali suka kama haya can bayan gari da tsada, marasa hali suka raɓe a gindin gada da katifu da tukwane. A nan aka kama Rakia, tunda babu sauran lungun da zai ɓoye marar takarda. Kafin a sa ta a mota ta ba wata maƙwabciya saƙo: a gaya wa Inna da ta bar ta ta tafi, da ta isa Maraɗi da kayanta, ba da zane ɗaya ba. Saƙon ya isa. Inna ta ji shi a zaune, ta ce, "Gaskiya ta faɗa. An ari bakina an ci albasa, warin kuwa ni aka bari da shi."

Yanzu tana zaune wurin 'yarta Sauda, a hawa na huɗu na wani gini da ba ta san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. Gwiwa ta hana ta sauka. Jikokinta suna jin Hausarta, su amsa mata da Larabci. Kowace shekara surukinta sai ya yi ta rarrashin kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, kafin a sabunta mata iƙama. Akwai lokacin da aka yi zancen ko ta koma wurin dangin mahaifinta a Sudan, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, sai yaƙi ya ɓarke can, zancen ya mutu. Filin unguwar kuwa, waɗanda suka bi ta wurin sun ce an share shi tas, ba a gane inda gidan kowa yake.

Kwanakin baya wata yarinya da Inna ta karɓi haihuwarta ta samo lambar Sauda ta bugo. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa, ba ta da takarda. Sauda ta miƙa wa uwarta wayar.

"Inna, in jira ko in tafi asibiti? Ina tsoron a riƙe ni. Abin da kika ce shi zan yi."

Tsohuwar ta gyara riƙon wayar. Ta san amsar sarai, ta kuma san abin da zai iya biyo bayanta.

"Ki tafi asibiti yanzu," ta ce a ƙarshe. "Amma kada ki ce ni na ce. Tambayi wani ma, 'yata."

Ta mayar wa Sauda wayar, ta juya fuskarta bango.