Wandon Gudu Mai Ɗinki a Waje

Ina aji uku na sakandare aka zaɓe ni cikin waɗanda za su yi gudun yada-ƙanin-wani na makarantun Sakkwato. Zamanin soja ne, har makarantarmu an turo wani sajan, shi yake fitar da mu atisaye. Hanyar tseren babu kwalta sai can ƙarshe. Burtali ne da gonakin gero da rairayi, a gangara fadama, a ɓullo ta Gidan Igwai, a dawo makaranta.

Mahaifina tela ne a Ƙofar Marke. Da na gaya masa, sai ya ture rigar da yake ɗinkawa gefe. Ya zaɓo yadin auduga mai laushi, ya sa aka wanke sau biyu don sitaci ya fita. Ya auna ni, ya sa na tsuguna, na ɗaga gwiwa, na buɗa ƙafa. Wandon ya fito da faɗi, ya kusa gwiwa, da mazagi maimakon roba. Amma duk ɗinkin a waje yake.

Na ce, "Baba, ai wannan baibai ne."

Ya ce, "Awo, da gangan na yi. In zufa ta zubo, ɗinki shi ka cin mutum. Bar shi waje."

A shekarun nan kuɗi sun shigo gari. 'Ya'yan 'yan kwangila duk wandon nailan suke sawa, ɗan ƙasar waje, ja mai sheƙi da farin layi. Ranar da na fito atisaye da nawa, dariya ta ɓarke. Wani ya ce buhun gero na sa. Wani ɗan ajinmu ya ce, "Wa ya ɗinka maka? Bai san ciki da waje ba?"

Na taya su dariya, na ce, "Wani tela ne a kasuwa, bai iya aiki ba."

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in nutse.

Ranar tsere na cusa wandon a akwati, na ari na nailan wurin wani abokina wanda ya fi ni ƙanƙanta. Ya kama ni tsam, amma na ga ya yi mini kyau. Da sajan ya busa usur na fita cikin na gaba, har muka wuce gonaki ina jin daɗin kaina. A fadama zufa ta haɗu da rairayi. Ɗinkin ya fara gurzar matsematsina kamar ana goga mini dutse. Na ja wandon ƙasa, ya koma. Waɗanda na bari a baya suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Kafin in hau kwalta na daina gudu, tafiya nake ƙafa a ware, jini ya ɗan gangaro cinyata.

A bakin titin Gidan Igwai na hango mahaifina. Ya rufe shago, ya zo da kekensa da butar ruwa, tare da maƙwabtansa teloli biyu da ya gayyato su ga ɗansa. Ya dubi fuskata, ya dubi wandon. Telolin suka kau da kai.

"Sha ruwa," ya ce. Na sha. "Kana iya ƙarasawa?"

Na gyaɗa kai. Ya sallami abokansa, ya turo kekensa a gefena, muna tafe a hankali har ƙofar makaranta. Mutum biyu kawai na riga isowa.

Da na je gida ranar Juma'a, mahaifiyata ta ba ni man kaɗe in shafa. Na shiga shago gaishe da Baba, yana kan keken ɗinki. Bai ɗago ba ya ce, "Wandon da na ɗinka maka ya matse ka wani wuri ne? Kawo in gyara."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce a'a, sajan ne ya ce dole kowa ya sa iri ɗaya.

Alhali ranar tsere ya ga sauran yaran da idonsa, kowa da irin nasa. Ya ce, "To, dokar soja ai sai bi," ya ci gaba da taka kekensa.

Na daɗe tsaye a bakin ƙofa, ina so in faɗi gaskiya. Can wani ya shigo karɓar ɗinki, sai na ba shi hanya na fita.