Kututturen Kyanwar Kaka

Duk sanda mai yankan farce ya gifta ƙofar gidana yana kaɗa almakashi, ƙas-ƙas, sai gabana ya faɗi. Kada ku yi mini dariya, ku ji dalili tukuna.

Ina firamare a Azare, kakata tana da wata farar kyanwa. A bakin ɗakinta akwai guntun kututturen goruba da ta hana kowa taɓawa. Da hantsi kyanwar kan yi miƙa, ta karce shi son ranta, ta koma inuwa. Ko tabarma ba ta taɓa yagawa ba. Kaka kan ce, "Ba ta nata, ta bar maka naka."

Wata damina Kaka ta tafi Dambam ta'aziyya. Itacen girki ya jiƙe, sai matar kawuna ta sa aka faskara kututturen, ta hura wuta da shi. Ba mugunta ba ce, ba ta san amfaninsa ba. A kwanakin ne Kawu ya sayo kujerar kushin. Kyanwa ta nemi nata ta rasa, ta huce a kan kujerar.

Kawu ya kira mai yankan farce.

"Alhaji, in rage tsinin kawai, ai ya isa."

"Ya tsiro in sake neman ka? Cire su daga tushe."

Na ce a jira Kaka mana. Aka ce in ba manya wuri. Ban gani ba, amma na ji kukan, na kuma ga sawun jini a daɓe.

Da Kaka ta dawo, ta daɗe tana duba ƙafafun. Ta ce, "Kun ƙwace mata makami. Wa zai tsare ta a cikinku?"

Da rani karen maƙwabta ya biyo ta. Ta ruga gindin darbejiyar da ta saba hayewa, ta daka tsalle, ta sulɓe. Ta sake, ta sulɓe. Nan ya cim mata. Kujerar kuwa ɓeraye ne suka cinye ta.

Yanzu gorubar ma ta yi wuya, gida-gida sai maganin ɓera. Ina yawan tunanin ranar da za a tambayi gidanmu haƙƙin kyanwar nan. Na nemo kututture da ƙyar, yana nan bakin ɗakina, ba karce ko ɗaya a jikinsa. Yarana suna ta roƙo in kawo kyanwa, na kasa. Ni ma wata rana zan yi tafiya.