Tambayar da Likita Ya Yi wa Yayana

Yayana tela ne, kuma duk layinsu babu mai hannunsa a yankan wando. Kallo ɗaya zai yi wa ƙugun mutum ya san awonsa. Nasa ƙugun ne kawai bai taɓa kallo ba. Sauran maza idan wando ya matse su sukan tsorata, su ce jiki ya fara nauyi. Shi kuwa Yaya sai ya farke ɗinkin, ya ƙara faɗi, ya mayar abinsa. Shekara da shekaru yana haka, don haka wando bai taɓa gaya masa gaskiya ba.

Da can keken ɗinki na ƙafa yake takawa, ko ba komai yana yin gumi. Da ya sayi na lantarki, ƙafar ma ta samu hutu. Daga safe har magariba yana kan kujera ɗaya, kwalbar lemo a gefensa, ba ya tashi sai zai zagaya bayan shago ya busa taba. Idan na ce, "Yaya, tumbin nan fa ya fara riga ka shiga shago," sai ya yi dariya ya ce, "Auta, hutu ne, ke da ba ki san shi ba."

Ban san abin ya wuce wasa ba sai ranar da matarsa ta zo gidana da rana tsaka, ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafinta.

"Auta, yayanki ya daina kusantata," in ji ta. "Ya koma kwana a falo, wai ɗaki zafi. Na sauya turare, na sauya kitso, ko kallo. Ko dai tsufa na yi?"

Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya. Washegari na tafi shagon da niyyar in wanke shi tas. Ina jiran ya sallami wani, sai idona ya faɗa ƙarƙashin teburin yanka. A cikin ƙyallaye ga kwalabe nan a ɓoye, maganin ƙarfin maza irin na masu talla, mai kauri da zaƙi kamar zuma. Ashe ba ƙin ta yake yi ba, kasawa ya yi, yana ta fama shi kaɗai. Ina zaune ya yi ta neman kafar allura yana kuskurewa, ya shanye ruwa kofi bayan kofi, ya yi ta zarya bayan gida. Faɗan da na zo da shi ya gushe, tsoro ya maye gurbinsa.

Ƙafa ce ta kai shi asibiti. Ya taka allura, ya yini da ita a tafin ƙafa bai ji ba, sai da matarsa ta ga jini a takalminsa. Ni da ita muka raka shi. Na tsaya a benci a waje, ita ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. An auna shi, sukari ya hau, jini ya hau. Likitan, wani dattijo, ya ajiye abin awon ya dube shi.

"Malam, zan yi maka tambaya, kada ka ji nauyi. Yaya sha'aninka da iyali? Ba tsegumi ba ne. Hanyoyin jinin wajen nan sirara ne, su suke fara toshewa idan sukari da hawan jini da ƙiba da taba suka haɗu. Na zuciya sukan biyo baya. Idan can ya yi rauni, yau ɗin nan zan tura ka a duba zuciyarka."

"Lafiya lau, likita," in ji Yaya. "Babu matsala ko kaɗan."

Likita ya juya ya kalli matar. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta rufa wa mijinta asiri kamar yadda ta saba tun ranar da ta shiga gidansa. Aka wanke ƙafa, aka ba shi magunguna, aka ce ya dawo wata mai zuwa.

A hanyar fita akwai ɗan matakala. Yaya ya tsaya a tsakiya, ya dafe ƙirji, gumi na tsattsafo masa. "Iska ce ta taru mini," ya ce, ya yi gaba neman abin hawa.

Matarsa ta riƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau.

"Auta, idan na faɗa wa likita gaskiya, ba zai sake haɗa ido da ni ba har abada."

Ta bi bayansa da kallo, yana tafiya a hankali yana murza hannunsa na hagu.

"To, ya yi ta fushin," ta ce. "Ya yi shi yana da rai."

Ta saki hannuna, ta juya ta koma ƙofar likita ta ƙwanƙwasa.